Ustaza Ummusalama da 'Yar Farinta

Duk wanda ya yi zaman Mafaza a shekarun baya, in dai ya taɓa bin hanyar makarantar 'yan mata da sassafe, to ya san Ustaza Ummusalama. Doguwa ce, baƙa, mai saurin tafiya, farin tob ɗinta, wato lulluɓin matan ƙasar, kullum a naɗe tsaf. Da damina, lokacin da baƙar lakar ƙasar Gadarif ke tuɓe wa mutum takalmi ta riƙe abinta, sai ka hango ta da takalman a hannu, littattafai a ka, tana ratsa taɓo, kuma wallahi sai ta riga kowa isa. A bakin ƙofa take wanke ƙafa da butar da ta ajiye don haka, ta sa takalmi, ta gyara mayafi, sannan ta shiga da fuskar aiki. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana wannan.

Kakanta da ƙafa ya taso daga ƙasar Haɗeja da niyyar Makka. Ya sauke farali, a hanyar komawa ya tsaya bakin kogin Rahad wai zai yi noman damina ɗaya ya sami guzuri. To, damina ɗayan nan ce har yau ba ta ƙare ba. Mahaifinta, Mijinyawa, a nan aka haife shi, yana noma dawa da riɗi, in kogi ya ja baya kuma ya ɗauki komarsa ya shiga kamun kifi. Bai taɓa zama a aji ba. Bayan ƙasa ta sami 'yanci, sau uku yana hawa lori zuwa Gadarif neman jinsiyya, takardar shaidar ɗan ƙasa, yana jan dattawa biyu su shaide shi. Kowane zuwa sai a miƙo masa takarda a ce ya cike, shi kuwa ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, ya dawo hannu rabbana. A dawowa ta uku ko ruwa bai sha ba ya ce da matarsa Inna, "Yarinyar nan gobe za ta makaranta." Shekara goma sha uku bayan haka, yarinyar ce ta cike masa takardar da hannunta, ta raka shi, suka dawo da jinsiyyar.

Ta yi karatun malanta, ta dawo gida, ta auri Haladu, direban tarakta a manyan gonakin Simsim, mutum mai sanyin hali da yawan dariya. Rabin shekara yana can, rabi yana gida. Allah ya ba su 'ya'ya biyar, da awaki, da bishiyar lemun tsami a tsakar gida wadda Ustaza ke faɗa a kanta da yaran maƙwabta. Ba ta taɓa neman a mai da ita birni ba. In an yi mata zancen, sai ta ce wa zai koya wa waɗannan in ta tafi.

Ta koyar da lissafi, ta koyar da Larabci, amma darasin da ta riƙe bakin rai bakin fama shi ne tarbiyya wataniyya, wato tarbiyyar ɗan ƙasa. Wasu malaman lokacin hutu suka ɗauke shi, a sa yara haddar sunayen larduna, malama ta fita shan shayi. Ita ko kusa. Sai ta tsaya gaban allo ta ce, "Randar ruwan nan ta bakin aji, ta wa ce?" Yara su ce ta makaranta. "Makarantar ta wa ce?" Su ce ta hukuma. "Hukumar fa?" Sai a yi tsit. Ta ƙwanƙwasa alli a tebur. "Taku ce! Ta iyayenku ce masu yankan riɗi da tsakar rana. In kin ga randar ta tsage kika wuce abinki, kayan gidanku kika bari ya lalace. In kuma wadda aka damƙa wa randar ta kwashe ruwan ta kai gidansu, ba rashin kunya ba ne ki tambaye ta." Da Larabci take fara darasi yadda doka ta ce, amma da zarar abin ya taɓa mata zuciya sai Hausa ta ɓalle mata. Yaran kuwa, da yake yawancinsu 'yan unguwarmu ne, a nan suka fi ganewa.

To amma fa akwai wani abu. Matar nan da ba ta shakkar kowa, wadda ta taɓa tsai da mai duba makarantu cikin ruwan sama ta nuna masa rufin ajin da ke yoyo, akwai sunaye biyu a duniya da bakinta ba ya furtawa. Na maigidanta, wannan kam ba labari ba ne, kowace mace haka take. Ɗayan shi ne na 'yarta ta fari, Mairama.

Mutanenmu sun bar abubuwa da yawa a hanya kafin su iso Rahad. Mun koyi cin kisra, wainar dawar nan mai faɗi, mun koyi shan jabana, wato gahawa, mata sun naɗa tob, rabin maganarmu ta koma Larabci. Amma kunyar ɗan fari, wannan an goyo ta har nan ko ƙwarzane ba ta yi ba. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta tsaya masa in an taɓa shi a gabanta. In ya faɗi, sai ta kau da kai wata ta ɗaga shi. Ana yaye Mairama Inna ta ɗauke ta, ta girma a gidan kakanni, gida huɗu tsakani. Kakar take kira Inna, uwar da ta haife ta kuwa Yaya take ce mata, yadda ta ji ƙannen uwar suna kira.

Da yarinya ta shigo makaranta sai aiki ya sami Ustaza, don kiran suna kowace safiya dole ne. Ta samo dabara. In ta iso kan layin yarinyar a rajista sai ta kira lamba, "Goma sha bakwai," yarinya ta ce, "Ga ni," a wuce. A tsakiyar darasi kuwa, "ke ta bakin taga." In Mairama ta ci goma bisa goma, sai Ustaza ta bi takardar da ido har ta samo ɗigon da ya karkace, ta rage ɗaya. Nazira, wato shugabar makarantar, Balarabiya ce daga Wad Madani, mace mai kirki da son shayi, shekara guda cur ta yi ba ta san yarinyar 'yar Ustaza ba ce. Ran da ta ji sai ta dafe ƙirji ta ce, "Bismillahi! Ni na ɗauka wata gaba ce tsakaninki da gidansu."

Gaba? Allah ya kiyaye. Duk cikin 'ya'yanta biyar babu wanda Ummusalama take so kamar yarinyar nan. In Mairama ta tashi karatu a aji, sai uwar ta juya ga allo tana goge abin da ba ya bukatar gogewa, don kada a ga fuskarta. In ta yi miya mai daɗi, sai ta cika kwano ta ce a kai wa Inna, alhali ta san haƙoran Inna sun daina hulɗa da nama. A haka suke zaune lafiya, babu wanda ya ga aibu a ciki, har ita yarinyar.

Sai shekarar 1986 ta zo, aka yi zaɓen jam'iyyu a ƙasar bayan an daɗe ba a yi ba. Tsoho Mijinyawa ya sa jallabiyarsa ta Idi, ya naɗa rawani, ya cusa jinsiyyarsa a aljihun gaba, ya je ya bi layi tun hantsi. Yana ɗan shekara saba'in da wani abu ya jefa ƙuri'arsa ta farko, ya dawo yana taku kamar wanda ya sayi lori. Abin ya tsaya wa Ummusalama a rai. Da aka koma makaranta da damina, ta sami Nazira a ofis da shawara. A lokacin kowane aji na da alfa, yarinyar da malama ke naɗawa ta riƙa rubuta sunan masu surutu, kuma kullum wadda ta fi ƙarfi ake ba. Ustaza ta ce a bar alfa da aikinta, amma a yi shugabar ɗalibai guda, wadda yara za su zaɓa da kansu, ta riƙa kai kukansu ofis. Nazira ta kurɓi shayi ta ce tamam, in dai ba za a fasa mata taga ba.

Ustaza ta rubuta dokoki a kan kwali ta maƙala a bakin ofis. 'Yan aji huɗu zuwa shida ne masu jefa ƙuri'a. Duk 'yar aji shida da ta sami mutum goma suka sa mata hannu, tana iya tsayawa. A gaban wakilan 'yan takara za a ƙirga, washegari kuma a karanta sakamako a tabur, wato jerin gwanon safe, kowacce da sunanta da abin da ta samu. Wadda za ta janye kuwa, da bakinta za ta faɗa gaban jama'a.

Wadda ta fara fitowa ita ce Hannatu 'yar Kassim mai kanti, gajeruwa, mai baki kamar rediyo, 'yar gaban goshin Ustaza, don ba ta barin tambaya ta kwana a cikinta. Bayan kwana biyu aka kawo takarda ta biyu. Ustaza ta duba sunan da ke sama. Mairama ce, kuma ba ita ta nema ba, 'yan ajin ne suka tura ta. Uwar ta je ta tsaya gaban kwalin nan tana karanta dokoki sama da ƙasa, ko akwai wata kafa da za ta zare yarinyar. Babu. Ita ta rubuta su da hannunta, kuma ta rubuta su da kyau. Sai ta lallashi kanta da cewa ai Hannatu ce za ta ci, wa zai zaɓi yarinyar da sai ka kasa kunne kafin ka ji muryarta.

Aka shiga yaƙin neman zaɓe. Rana ta farko Hannatu ta zo da ƙunshin alewa daga kantin ubanta. Ustaza ta karɓe ta kulle a kabad, ta yi darasi guda cur a kan mai sayen ƙuri'a da mai sayarwa, Hannatu na zaune tana hura hanci. Da aka ba su damar magana a tabur, Hannatu ta yi alkawarin wasan kwaikwayo, da ziyara zuwa Gadarif a mota, har da sabon fenti. Aka yi ta tafi. Mairama ta fito tana murza gefen mayafi, ta faɗi abu biyu kawai. Ta ce ƙananan 'yan aji ɗaya da biyu ba sa samun ruwa, manya ke shanyewa kafin a tashi karin kumallo, don haka a ware musu randa ɗaya a sauko da ita ƙasa daidai tsawonsu. Ta ce kuma in riɗi ya nuna ba ya jiran kowa, ko a yanke shi cikin kwanakin ko ya fashe ya zube, shi ya sa duk shekara 'yan mata da yawa ke ɓacewa mako biyu suna dafa wa masu yanka abinci, su dawo an wuce su. Ta ce kowace mai tafiya a haɗa ta da mai zama, ta riƙa kwafe mata darasi. Ta koma layi. Ba a yi tafi sosai ba, amma kowace yarinya a wurin tana da ƙanwa, kuma kowane gida yana da riɗi a gona. Ustaza kuwa tun da aka fara take duba farcenta.

Ranar Talata aka yi zaɓe. Akwatin ƙuri'a gwangwanin man girki ne da aka yanka wa baki, takardun kuwa daga littafin rubutu aka yayyago. Bayan an tashi, aka zauna ƙirga a aji shida, wakilai biyu-biyu sun zuba ido. Nazira ke buɗewa tana karanta suna, Ustaza na jan layi a allo. Tun ana rabi ta ga inda aka nufa, allin ya fara yi mata nauyi. Hannatu arba'in da bakwai, Mairama sittin da huɗu. Biyu sun lalace, wata ta zana kifi, wata kuma Nazira ta zaɓa. Nazira ta rungume Ustaza tana cewa mabruk, ita kuwa ko murmushi ta kasa.

Daɗi ta ji, kada ma a yi musu. Amma kafin ta kai ƙofar makaranta tsoro ya danne shi. Ta riga ta ji abin da za a faɗa a bakin kogi da gidajen biki: ashe duk wa'azin nan kujera take share wa 'yarta. In aka faɗi haka, zaɓe ya mutu a makarantar, darasinta ma ya mutu. Ga kuma babbar, gobe ita ce za ta tsaya gaban makaranta kaf ta ɗaga murya ta kira sunan, ta miƙa wa yarinyar hannu. Maigida yana Simsim, babu wanda za ta yi shawara da shi, sai ta yanke ita kaɗai.

Da la'asar ta shiga gidan iyayenta. Inna na bakin murhu tana shafa kisra, Mijinyawa na gindin dalbejiya yana ɗinke koma, Mairama kuma na tsugune tana wanke kayan makaranta. Ustaza ta gaida iyayenta, ta zauna kusa da Inna, ba ta ko dubi inda yarinyar take ba.

"Inna, ki gaya wa 'yar gidanki ta haƙura da abin nan. A bar wa 'yar Kassim."

"Ai dama ni bai kwanta min ba," in ji Inna. "Uwa ta tsaya gaban jama'a ta ɗaga 'yar fari? Ina aka taɓa yi?" Ta juya ga jikarta. "Ke, kin dai ji."

Hannun Mairama ya tsaya cikin kumfa. Ta ce a hankali, "To, Yaya." Ta ci gaba da wanki.

Tsohon bai ɗago daga komarsa ba ya ce, "Nawa ta samu?"

"Sittin da huɗu, Baba."

"Da taki a ciki?"

"Malamai ba sa jefawa."

"Af. Da na ji kina kyauta da su, na ɗauka naki ne."

Maganar ta soke ta. Ta yi sallama ta tafi gida, ta huce a kan awaki, ta cika wa miya gishiri. Ta yi ta gaya wa kanta cewa sunan makaranta take karewa, yarinya kuwa ai yarinya ce, za ta manta.

Laraba da safe rana ta fito tas bayan ruwan jiya. 'Yan mata kusan ɗari biyu suka jeru a fili, matan unguwa masu sayar da ful da ta'amiyya, wato dafaffen wake da ƙosai, sun kafa tukwanensu a bakin ƙofa kamar kullum, kunnuwansu a ciki. Aka gama abin da aka saba, Nazira ta yi wa Ustaza alama. Ta fito da takarda a hannu, ta gyara murya, ta yi magana da Larabci, da sauri, idonta a kan takardar.

"An jefa ƙuri'a ɗari da goma sha uku. Biyu sun lalace. Wadda ta zo ta ɗaya ta janye. Saboda haka Hannatu Kassim ce shugabar ɗalibai."

Mutum biyu ko uku suka tafa, suka ji su kaɗai ne, suka daina. Nazira ta juyo tana kallonta baki buɗe. Sai ga hannu a sama daga layin aji shida.

"Ustaza, ina da tambaya."

Hannatu ce. Ustaza ta so ta yi kamar ba ta gani ba, amma shekara nawa tana gaya musu cewa mai riƙe da amana ba ya gudun tambaya? Ta ce, "Faɗi."

"Kwalin bakin ofis ya ce a karanta kowacce da sunanta da abin da ta samu. Wace ce ta zo ta ɗaya? Nawa ta samu?" Da Larabci ta fara, amma ita ma ɗalibar malamarta ce, nan take Hausa ta ɓalle mata. "Ni fa na sha kaye, Ustaza. Jiya na yi kukana na gama, Babana har dariya ya yi min. Yanzu a ce in karɓi abin da mutum sittin da huɗu suka ce ba ni ba? In na je ofis in ce wa ya aiko ni? Wallahi ba na so. In ta janye, ta fito ta faɗa da bakinta. Haka kika rubuta."

Kai, yarinyar nan! Har masu ful sun daina juya ludayi. Nazira ta sa wata malama ta fassara mata, ta jinjina kai, sannan ta kira Mairama ta fito. Yarinya ta tako ta tsaya a tsakiyar fili ita kaɗai, kanta a ƙasa.

"'Yata," in ji Nazira, "kin janye?"

Ummusalama ta ɗago ido, ta dubi 'yarta sosai a gaban mutane, abin da ba ta taɓa yi ba. Nan ta ga abin da ta aikata. In yarinyar ta ce e, ta yi ƙarya gaban waɗanda suka ba ta amana, kuma uwarta ce ta shekara shida tana koya mata kada ta yi. In ta ce a'a, ta tsinka uwarta gaban duniya. Ta sa 'yar shekara goma sha uku a tsakiya, don kawai ita babba ta kasa buɗe baki. Hawaye na ɗiga daga haɓar yarinyar zuwa kan rigar da ta wanke jiya. Sai ta ga Mairama ta share fuska da bayan hannu, ta ja numfashi, ta buɗe baki. Uwar ta san abin da zai fito. Ƙaryar za ta yi, don ta rufa mata asiri.

"Dakata!"

Muryar Ummusalama ta fita da ƙarfin da ita kanta sai da ta razana. Ta ce da Hausa, "Ba ta janye ba. Ni na sa ta. Na yi kuskure, a gabanku na yi shi, a gabanku zan gyara." Ta maimaita da Larabci don Nazira da sauran su ji, ba ta rage ko kalma ba. Ta ɗaga takardar.

"Hannatu Kassim, arba'in da bakwai."

Ta tsaya. Sai a lokacin ta tuna cewa a makaranta ba a kiran suna shi kaɗai, sai an haɗa da na uba. Ta dubi bakin ƙofa, ga maƙwabtanta nan sun yi cirko-cirko, matan da suka san ta tun tana yawo ba ɗankwali. Ta rufe ido ta buɗe.

"Mairama Haladu, sittin da huɗu."

"La'ilaha illallahu!" in ji wata mai ful, ludayi ya suɓuce mata cikin tukunya. Duka biyun a numfashi ɗaya, na 'yar fari da na maigida!

Mairama ta ɗago kai a firgice tana waige, don ta san sunan, ta san muryar, amma ba ta taɓa jin su tare ba. Sakamako ake karantawa, ba kiran ta aka yi ba, amma sai ta dubi uwarta ta ce, "Na'am."

Fili ya kaure. Tafi, ihu, tsalle, wata daga bakin ƙofa ta saki guɗa. Hannatu ce ta fara rugawa ta rungume ta har suka kusa faɗuwa cikin laka. Ustaza ta miƙa wa shugabar ɗalibai hannu yadda doka ta ce, ta riƙe ɗan hannun nan mai sanyi fiye da yadda ya kamata, sannan ta ja gefen tob ta rufe fuska ta shige ofis. Nazira ta biyo ta da shayi.

Kafin azahar labari ya gama Mafaza. Inna ta yi kwana uku ba ta amsa mata gaisuwa da kyau, tana cewa boko ya gama da 'yarta. A gidajen biki an shekara ana tsokanarta, da ta shigo sai wata ta ce, "Ustaza, wai ya ma sunan maigidan?" Da Haladu ya dawo daga Simsim, tun daga zaure yake dariya yana cewa, "An ce an yi shela da ni a makaranta," ita kuwa ta gudu madafa ta ƙi fitowa. Amma abin da ta ji tsoro bai faru ba. Babu wanda ya ce ta yi maguɗi, don 'yan mata ɗari da goma sha uku sun koma gida sun ba da labari yadda ya faru, har da kifin.

Mairama ta yi aikinta. Aka sauko da randa ɗaya ƙasa, ƙanana suka sha ruwa. Da aka shiga yankan riɗi, Hannatu ce ta riƙe jerin masu kwafe wa juna darasi, kuma kowa ya san ba a yi wa Hannatu wasa. Ziyarar Gadarif dai ba a yi ba. Tun daga shekarar ake zaɓe a makarantar har Ustaza ta ajiye alli, kuma duk shekara, kafin a jefa ƙuri'a, da kanta take ba sababbin ɗalibai labarin ranar da mai kula da zaɓe ta so ta karkatar da sakamako ɗaliba ta tare ta. Ba ta ɓoye musu ko wace ce mai kula da zaɓen. Sunan wadda ta ci ne kawai take tsallakewa.

Don kada wani ya ɗauka ta canza hali, ba ta canza ba. Daga ranar ba ta sake furta sunan ba, ko sau ɗaya. Mairama ta yi karatun ungozoma, ta yi aure, tana aiki a Basunda. In ta zo ganin gida, tsohuwar na zaune a tsakar gida tana soya 'ya'yan gahawar jabana, sai ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Ke, kin iso? Ya hanya?" Wata rana autar gidan ta gaji ta ce, "Haba Umma, mace da 'ya'yanta huɗu, har yanzu ke? Ki kira sunanta mana mu ji." Tsohuwar ta harare ta, ta ci gaba da kaɗa kasko.

Mairama ta ajiye jakarta, ta zauna a tabarma kusa da uwarta.

"Ku ƙyale min Yaya," in ji ta. "Ta kira ni gaban mutum ɗari biyu, kuma na amsa."